Matoshin Motar Gawa

Kai da ka ce jiya wai gyaran lagireto ba sana'a ba ce, matso nan kusa. Da kunnena na ji ka, kana nuna wa abokanka hujin sansa a jikin wancan lagireton, kana cewa ai wannan ko makaho ya samu abu ya cusa ya gama aiki. Wai a cusa! To sannu, injiniya. Ni Sabo na haura shekara arba'in ina shaƙar hayaƙin dalma a Ƙofar Ruwa, girata ta ƙone ta fito ta sake ƙonewa, kuma huji irin wannan, wanda babban yatsana ma ba ya shiga sosai, shi ya taɓa raba wani bawan Allah da aikinsa da mutuncinsa, a hannuna. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Aikin farko da aka sa ni a wajen ubangidana Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, lagireton wata tsohuwar tifa ne. Ba gyara aka ce in yi ba. Rabin duro aka cika da ruwa, aka toshe bakunan lagireton da itace da tsumma, aka haɗa masa famfon keke, aka nutsa shi, aka ce in yi ta bugawa ina duba inda kumfa za ta ɓullo. Shekara biyu aikina ke nan. In na nuna wuri ɗaya sai ya dungure min kai ya ce akwai na biyu, kuma wallahi kullum akwai. Sai a shekara ta uku ya bar ni na taɓa ƙarfen liƙi. Kayan aikin ba su da yawa: risho, ƙarafan liƙi babba da ƙarami, sandar dalma, ruwan asid a kwalba da gashin kaza na shafawa, burushin waya, sai wani siririn ƙarfe da ake zurawa cikin bututu a turo laka. A kan itace kuwa dokarsa guda ce. Matoshin itace na gwaji ne, a cikin duro yake ƙarewa, ba ya bin mota ya hau titi.

Shekarar da ta fi gasa mana aya a hannu ita ce wadda soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, wannan komawar ta bayan nan. Gari ya cika da fasta da lasifika, kowa yana murna, mu kuwa zaman kashe wando muke yi. Lagireton Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, shi ya cika kasuwa, kai na roba, jiki na alminiyam. Dalma ba ta kama roba. Mai mota ya ga sayen wani ya fi masa sauƙi a kan liƙi, sai ya wuce rumfarka yana ɗaga maka hannu. Mutum uku a layinmu suka kulle suka koma acaɓa. Mu da muka rage sai muka koyi dabarar ɗora lagireton sabuwar mota a kan tsohuwa, kuma a nan hujin sansa ya shigo rayuwarmu.

Bari in yi muku bayani, don na san rabinku kunne kawai kuka kawo. Motocin da ake ciro waɗannan lagiretocin daga jikinsu fankarsu ta lantarki ce. A gefen kan lagireton akwai huji mai haƙora, inda ake murɗa wani ɗan abu na tagulla, sansa, wanda in ruwa ya yi zafi yake tayar da fanka. Tsofaffin motocinmu kuwa fankarsu a jikin inji take, bel ke juya ta, ba ruwanta da sansa. Su kuma 'yan kasuwa kwance sansar suke yi su sayar daban, su miƙo maka lagireto da huji a buɗe. Hanyar rufe shi biyu ce. Ko ka samo mataccen sansa irin nasa ka murɗa da washa, ko ka je wajen mai injin yanka ƙarfe ya yanka maka matoshin tagulla mai haƙora daidai da na hujin. Ba fulogi ba, ba duk notin da ka tsinta a ƙasa ba. Haƙoran nan sirara ne, a cikin roba suke, ka matsa musu sau ɗaya sun tsage ke nan.

Wata Talata da hantsi, lokacin bazara, aka turo min wata tsohuwar akori-kura. Motar gawa ce ta wata unguwa a cikin gari, can wajen Soron Ɗinki, wani mai neman kansila ne ya ba su ita. Direbanta Malam Tanimu, dattijo ne siriri mai kusan shekara sittin, tsohon direban babbar mota, ciwon baya ya sauke shi daga dogon titi. Ba a biyansa ko sisi. Amma tun da aka damƙa masa makullin motar nan ya miƙe ya zama mutum. Shi ke wanke ta da kansa, shi ake buga wa ƙofa in an yi rashi, shi manya ke cewa Allah ya saka da alheri a gaban jama'a. Makullin a igiya yake rataye a wuyansa, cikin riga.

Tare da shi akwai Alhaji Maikano, shugaban kwamitin masallacin unguwar, mutum mai ƙiba mai yawan duba agogo. Na leƙa lagireton na ga ya ruɓe, ƙusa ma huda shi take yi. Na shiga kasuwa na samo na Beljiyam, na gyara masa ƙafafu, ya zauna ɗas. Saura huji. Na zaga rumfa ta fi goma neman mataccen sansa, babu. Na je wajen mai injin yanka ƙarfe, an ɗauke wuta tun safe. Na dawo na tarar da Alhaji yana safa da marwa.

Ya ce, "Sabo, gawa fa muka bari a kwance. Ana idar da azahar za a sallace ta."

Na ce, "Alhaji, abu ɗaya ya rage."

Ya ce, "To ka yi masa dabara mana. Ba kai ne gwani ba?"

Su biyun suka koma inuwa suka zauna. Na zagaya bayan motar neman tsumma, sai na ga ɗaurin itatuwa, an yanka su tsawo ɗaya. Na san ko na mene ne, duk ɗan cikin gari ya sani. Itacen da ake jerawa a kan kabari ne kafin a yaɓa ƙasa. Amma hannuna ya riga tunanina. Na zare siriri guda, na datse kamar tsawon yatsa, na mayar da sauran cikin ɗaurin. Na feƙe shi da wuƙa, na murɗa shi cikin hujin a hankali har haƙoran suka ci jikinsa, na zuba ruwa. Itace in ya sha ruwa kumbura yake yi ya kama. Ko ɗigo bai fito ba. Na ce a raina gobe zan bi su da na tagulla. Goben nan kuwa motocin 'yan siyasa masu zagayen godiya suka fara zuwa gyara, aiki ya ɗan buɗe, na manta sam.

Bayan kamar mako biyu Malam Tanimu ya dawo shi kaɗai. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi iyali sau biyu. Sannan ya rage murya.

"Malam Sabo, don Allah mota tana nishi?"

Na yi dariya. Na ce, "Wane irin nishi, Malam? Ƙarar bel ko ta salansa?"

Ya ce, "Na yi shekara talatin ina tuƙi, na san ƙarar bel. Wannan nishi ne irin na mara lafiya. Kuma ba ta yi sai da gawa a baya. In na dawo babu kowa, shiru."

Na buɗe bonet, na tayar da inji, na ba shi wuta na kusan minti goma. Babu komai. Na ga matoshina yana nan a bushe, ya kama gam, har na ji daɗin aikina, ko kaɗan ban haɗa shi da maganar ba. Na ce masa lafiyarta ƙalau, ya riƙa samun hutu. Ya dube ni wani iri, ya yi godiya ya tafi.

Kuskurensa shi ne da ya faɗa wa mutane a masallaci. Kun san cikin gari. Kafin Juma'a magana ta zaga ko'ina. Wasu suka ce gawarwakin ne ke kuka, aka fara ƙirga su wa da wa aka ɗauka, dangin mamata suka fusata. Wasu suka ce a'a, dattijon ne ya fara taɓuwa, yawan zama da gawa ne. Kuma babu mai tsaya masa shaida, domin a gaban motar ba wanda ke zama. Dangi a baya suke hawa tare da makara, kujerar gaba kuwa jarkokin ruwan kwaɓa ƙasa ake ɗorawa da shebur. Daga waje kuma salansar nan tata ba ta barin a ji komai. Alhaji Maikano ya faɗa a fili cewa in maganar nan ba ta tsaya ba za su karɓi makulli, don ba za a ba mai taɓin hankali amanar gawa ba.

Ana cikin haka mahaifiyar wani maƙwabcina a kasuwa ta rasu, a unguwar su Malam Tanimu. Ni kuma ranar ƙafata a naɗe take, narkakkiyar dalma ta zubo min a kan idon sawu. Da aka idar da salla aka ce ba zan iya takawa ba, aka sauke jarka ɗaya na shiga gaba, na rungumi ɗayar a cinya. Malam Tanimu da ya gan ni sai fuskarsa ta washe.

Tafiyar gawa kun san ta, a hankali ake yi, jama'a na biye a ƙasa da kan babura. Rana ta take, iska ko kaɗan babu. Muka bi lungu muka fito titi, muka doshi ƙofa. Muna gab da fita badala, wato ganuwar gari, sai abin ya fara.

Da farko ƙasa-ƙasa, har na ɗauka cikina ne. Sai ya ɗago. Jama'a, nishi ne. Ya ja dogo, ya yanke kamar mai neman numfashi, ya sake ja. Daga ƙarƙashin sitiyari yake shigowa, ta wajen ƙafafun direba, amma in ka rufe ido sai ka rantse a bayan ƙeyarka yake, inda tsohuwar take kwance. Wani jan ma sai ƙarshensa ya karkace kamar za a kira suna. Tsigar jikina ta tashi. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ban taɓa ji ba.

A cikin tsoron ne kuma kaina ya kawo min lissafin. Tafiya a hankali, fanka ba ta jan iska sosai, ga nauyin mutane a baya, ruwa ya yi zafi ya kai maƙura, tururi ya taru a kan lagireto yana neman hanya. Ya samu hanya ta cikin jijiyar itace. Shi ya sa ba ta yi sai da gawa. In ya dawo babu kowa gudu yake yi, inji ya huce. Matoshina ne. Sai kuma na tuna daga inda na yanko shi.

Malam Tanimu bai juyo ba, idonsa na kan hanya. Ya ce a hankali, "Ka ji?"

Da na ce na ji, sai a tambaye ni mene ne. Da na faɗi mene ne, shi ke nan, Sabo ya saci itacen kabari ya cusa a motar gawa. A wannan shekarar da ciniki ke wuya, wa zai sake kawo min mota? Sunan da za a laƙaba min ma har jikokina sai sun gaje shi. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin nishin ya sake ja.

Na ce, "Me fa? Ni ban ji komai ba, Malam."

Ya ci gaba da tuƙinsa har muka isa maƙabarta.

Washegari da sassafe na bazama kasuwa, ƙafa na ciwo, sai da na samo mataccen sansa a cikin wani buhun tarkace, da sabuwar washa. Na je inda ake ajiye motar a gefen masallacinsu, na ce wa Malam Tanimu ruwa zan duba mata, ya miƙo makulli ya koma gida. Matoshin ya kumbura ya ƙi fita, sai da na sa filaya na murƙushe shi, ya fito guntu-guntu, baƙi ƙirin. Na tsince haƙoran da allura ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na murɗa sansar da hannu har ta zauna, sannan na ɗan ƙara da sufana, kwata kawai. Aiki ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Na zuba guntayen a aljihu na tafi ina cewa na kashe maganar, nishi ya ƙare, kowa ya huta.

Abin da ban sani ba shi ne, a daren jiyan kwamiti ya zauna. Malam Tanimu ne da kansa ya roƙe su, ya ce kafin a yanke masa hukunci manya biyu su shiga gaba su ji da kunnensu. In sun ji, a wanke shi. In ba su ji ba, ya yarda a karɓi makulli.

Bayan kwana uku aka yi rashi. Ina cikin masu bi a kan babur. Na ga an sauke jarkoki, Alhaji Maikano da na'ibin liman sun matsu a gaba. Aka bi lungu, aka fito titi, aka doshi ƙofa. Aka fita badala. Sai motar ta rage tafiya, ta rage, ta tsaya cak a tsakiyar hanya, inji na aiki. Jama'a suka taru. Ta taga na hango Malam Tanimu, zufa ta jiƙa masa riga, ya ɗaga hannu ɗaya.

"Ku dakata. A nan take farawa. Don Allah ku ɗan dakata."

Aka dakata. Gawa a baya, rana na dukan makara, 'ya'yan mamacin suna kallo. Ya taka totur, ya saki, ya kwantar da kunnensa a kan sitiyari. Ba abin da ke tashi sai ƙarar salansa.

"Yanzu za ta yi. Wallahi yanzu za ta yi."

Babban ɗan mamacin ya diro ya buga ƙofar motar ya ce ubansa ake tsayarwa a titi saboda mahaukaci? Na'ibi ya yi ta ba da haƙuri. A ƙofar maƙabarta, gaban kowa, Alhaji ya miƙa hannu. Malam Tanimu ya zaro igiyar daga wuyansa, ta maƙale a hularsa, hular ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka sai shi. Ina tsaye tazarar taku biyar. Wani matashi ne ya mayar da motar gida.

Kwana biyu na yi ina juya abin a raina, na uku na tafi gidan Alhaji Maikano. Na zazzage guntayen itacen a kan tabarmarsa, na faɗa masa komai tun daga Talatar nan, ban rage ba. Ya saurara yana jinjina kai. Da na gama ya yi murmushi.

"Allah ya ba ka ladan rufin asiri, Sabo. Ka kyauta. Amma ai shi da bakinsa ya gaya mana ka shiga gaba ran jana'izar tsohuwar nan, ya tambaye ka, ka ce ba ka ji komai ba."

Na ce, "Ƙarya na yi, Alhaji."

Ya ce, "To wacce ce ƙaryar, waccan ko wannan? Itace ya yi nishi? Mayar da shi mu ji."

Na ce zan mayar. Na rufe rumfa yini biyu a kan wannan. Na kwance sansar, na feƙe sabon matoshi daga irin itacen, wannan karon da izini, muka ɗora buhunan yashi a baya, sabon direban ya ja a hankali har bayan badala da tsakar rana, Alhaji na zaune a gaba. Matoshi na farko ɗiga ya yi. Na biyu fito ya yi siriri irin na buta, Alhaji ya ce wannan ai kowa ya san shi. Na uku ya yi tsalle ya fice, ruwan zafi ya wanke min hannu, ga tabon nan. Na canza tsawo, na canza kauri, na jiƙa wani na busar da wani. Ba wanda ya yi nishi. Kowane itace da jijiyarsa, wancan guda ɗaya ne, kuma ni na murƙushe shi da filaya. Alhaji ya ce in mayar musu da motarsu yadda take, wasan ya isa.

Daga nan na wuce gidan Malam Tanimu, bayan la'asar. Yana zaune a zaure a kan buzu, ya rame, an aske masa kai, ga kwanon rubutu a gefe wanda iyalinsa suka karɓo masa. Na durƙusa na gaishe shi. Na fara bayani, tururi, jijiyar itace, tafiya a hankali, ina yi ina haɗa kalma da kalma. Bai katse ni ba, amma na ga ba ni yake saurare ba. Kansa a karkace yake, kamar mai jin kira daga cikin gida.

Ya ɗaga yatsa. "Yi shiru. Ga ta nan."

Motar tana can gefen masallaci, lungu uku tsakaninmu, a kashe. Na kasa kunne. Babu komai sai wata mata da ke daka a maƙwabta.

Ya ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Malam. Wallahi na ji."

Ya juyo ya dube ni sosai, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

Ya ce, "A'a, Malam Sabo, kada ka rantse. Yau ba ka ji ba. Ran nan ne ka ji."